Ranar da Ba'indiya Ta Rasa 'Yan Amshi

Kwanan nan aka binne wata ƙawata a Janfalan, kuma tun da na dawo raina yake a ɓace. Ba mutuwar ce ta ɓata mini rai ba, don mun tsufa, kowa a cikinmu jira yake yi. Abin da na gani a wurin makokin shi ne ya tsaya mini a wuya. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, an girke lasifika kowace ta fi ni tsawo, ga wani yaro mai askin banza yana danna piyano yana ihu shi kaɗai, jama'a kuwa suna shan lemo suna kallonsa. Can sai janareta ya shaƙe ya mutu, wuri ya yi tsit. Na ce a raina to madalla, yau mutane za su tuna suna da baki. Na dafa sandata na miƙe, na ɗauko wata waƙar zumuntar mata wadda ni da mamaciyar muke rerawa tun muna amare. Na kai inda ake amsawa, na dakata. Shiru. Na ɗaga ido sai ga wayoyi a sama, kowa ɗaukata yake yi. Jikata har da zuwa ta raɗa mini, wai, "Kaka, kin fito da kyau." Tir! Na fito da kyau a ina? Na koma na zauna, don da na sake buɗe baki da na yi zagi a gaban gawa.

Mutanen yanzu ba su san rashin amshi yana iya kwantar da mutum ba. Ni na sani, don na ga macen da ya hana ci da sha har ta kusa tafiya, kuma ba 'yar garinmu ba ce, ba ma 'yar ƙasarmu ba.

A zamaninmu babu aikin da ake yi baki a rufe. In mata sun kewaye turmi, ɗaya ta bayar sauran su karɓa, taɓare suna sauka bi da bi. In an yi gayyar noma haka, in ana yankan tumatir ana shanyawa haka. Ko masu matsar rake a wajen Makarfi, doki yana zagaya inji, za ka ji mai korarsa yana rerawa masu dafa mazarƙwaila suna amsa masa daga bakin wuta. A majami'a ba mu da komai sai tulu da caki da kuge, amma in zumuntar mata ta tashi har ƙasa motsi take yi. Maƙwabtanmu Musulmi kuma in sun zauna zikirinsu bayan la'asar, muryoyin suna tsallako zana su same mu muna tankaɗe, su da nasu, mu da namu, ba wanda ya toshe wa wani kunne. Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ita ta koya mini bayar da waƙa, kuma kullum takan ce, "Ke 'yar nan, daina sauraren muryarki, saurari na bayanki, su suke riƙe da ke." Yanzu fa? Kowane masallaci da kowace majami'a sun ɗaure ƙarfe a kan rufi, wannan yana so ya danne wancan, mutum ɗaya yana ta tsaga maƙogwaro sauran suna hamma. Na sha faɗa musu Allah ba kurma ba ne, sai su ce tsufa ke damuna.

Ba cewa nake yi zamanin nan namu daɗi ne da shi ba, a'a. Lokacin soja ne, lokacin da aka koya mana kalmar ostariti, wato tsuke bakin aljihu, har yara suka iya ta. Sabulu ya ɓuya, madara ta ɓuya, shinkafa sai a mafarki. In an ce an kawo kaya kanti, sai a bi layi tun hantsi rana tana dukan kai, soja yana kai da komo da bulala. Da idona na ga an sa wani tsoho mai furfura tsallen kwaɗo a gaban jikokinsa don ya fita layi ya yi fitsari. Har yau in na tuna sai in ji kamar in tofar da yawu. Muka koma dafa sabulun salo da toka, muka koma kunna aci-balbal, nama kuwa sai dai ka ji ƙamshinsa a gidan wani.

Mijina kafinta ne, shi ke gyaran benci da tagogi a wata makarantar sakandare a ƙasar Ikara, aka ba mu ɗaki a bayan gidajen malamai. A lokacin gwamnati ta kwaso malamai daga Indiya ta watsa su makarantu, wasu nan, wasu Makarfi, wasu Kudan. Gidan da ke gaban namu na malamin lissafi ne, wani siriri mai tabarau, da matarsa wadda kowa ke kira Madam. Layin dogon yaro ne kawai ya raba mu. Ba zan yi ƙarya ba, da farko ƙyamarsu nake ji. Turaren da suke ƙonawa yana hawa mini kai, ga jan ɗigo a goshinta, ga hotunan abin bautarsu a bango, har da wani mai kan giwa da na hango ta taga na yi saurin kau da kai.

Amma duk ranar Alhamis, in rana ta yi sanyi, sai ka ga sauran Indiyawan sun fara zuwa gidan. Na Makarfi a wata tsohuwar mota mai tari, na Kudan a kan babur, mata ta zauna a karkace tana riƙe da mayafi. Takalma su taru a bakin ƙofa. A buɗe tagogi duka, kowa ya zauna a ƙasa, babban malami da ƙarami duk tabarma ɗaya, maza gefe mata gefe. Akwai wani ɗan akwati da ake hura wa iska da hannu yana kuka, akwai 'yar ganga, Madam kuma tana da wasu 'yan faya-fayan tagulla ƙanana da take haɗawa suna ƙara siririya. Ita ce mai bayarwa. Ta faɗa, su maimaita, ta faɗa, su maimaita, kalmomin ba su da yawa, sunayen abin bautarsu ne suke ta juyawa. A hankali ake farawa, sai tafi ya shigo, sai abin ya yi ta sauri yana hawa, yana hawa, sannan a tsaya cak. Shirun da ke biyo baya har ya fi waƙar shiga jiki. A cikinsu akwai wani tsoho mai muryar akuya, amma ba wanda ya taɓa hana shi, kuma in sun haɗu ba ka jin muninta.

A shekarar ne ƙyanda ta ɗauke mini ɗana na fari. Na daina zuwa zumunta, don in na buɗe baki waƙa ba ta fitowa. Ran Alhamis nakan zauna a gindin turmi ina tsince wake, ba don ina son saurarensu ba, don dai nan ne inuwa. Sai na lura in sun daɗe suna juya abin nan, numfashina yana bin nasu, dutsen da ke ƙirjina yana ɗan sassautawa. Wata rana bayan sun watse Madam ta tsallako da wani abin zaƙi a ganye, ta tsuguna kusa da ni. Hausarta ta kasuwa ce, amma ana ganewa.

Na ce, "Madam, kullum kalma ɗaya kuke ta maimaitawa, ba kwa gajiya?"

Ta ce, "Ke kina gajiya da kiran sunan yaronki?"

Ni kuwa ko a ranar na kira shi a zuciyata ban san iyaka ba.

Ta ce, "Idan ni kaɗai, tunani yana cinye ni. Idan mu da yawa, na bayar, su karɓa, su mayar mini. Suna ya cika kai, tunani babu wurin zama. Kuka ya zo, murya ta tafi, ba komai, su suna riƙe waƙa har in dawo."

Na ce mata ni fa Kirista ce, ba zan shiga nasu ba. Ta yi dariya ta ce ai ba ta ce in shigo ba, in tafi wurin nawa. Na kuwa koma zumunta a makon, na zauna a tsakiyar mata ban ce uffan ba, suka yi ta yi a kaina har bakina ya buɗe da kansa.

Daga nan ostariti ya ƙara matsa wuya. Albashin malaman ya zama ba ya isar su aika komai gida, sai suka fara tattara kaya. Na Kudan suka tafi. Tsohon nan mai muryar akuya ya tafi. Na Makarfi suka sayar da motarsu, suka tafi da ɗan akwatin da 'yar gangar. Takalman bakin ƙofa suka yi ta raguwa har ya zama saura na masu gida. Ana cikin haka labari ya zo cewa mahaifiyar Madam ta rasu can ƙasarsu, kuma babu halin tafiya. A al'adarsu in an yi rasuwa akan taru a yi wa mamaci irin waƙar nan ta addu'a, a raka shi da ita. To su wa za su taru? Ta cire kayan adonta, ta ɗaura farin zane, ta buɗe tagogi yadda ta saba, ta zauna ta fara bayarwa, mijinta shi kaɗai yana amsa mata.

Nan abin takaicin ya faru, kuma har in mutu ba zan daina jin kunyarsa ba. Samarinmu na lokacin ba su san komai game da Indiya ba sai abin da suke gani a silima in sun je Zariya. Da can da ake yi da taro ba su kula ba, don bai yi kama da abin da suka sani ba. Amma mace ɗaya mai siririyar murya tana bayarwa, namiji ɗaya yana amsawa, ai wannan a wurinsu waƙar soyayya ce, babu wata tantama. Masu lodin tumatir ne suka fara tsayawa a hanyarsu ta komawa gida, sai masu faci, sai 'yan kallo. Wani ƙaton banza ya yafa ƙyalle a ka, ya laɓe a bayan dogon yaro yana leƙowa yana kashe ido, wani yana bin sa yana dafe da ƙirji. Aka ɗauki fito da shewa. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, tashi ka bi ta mana! A zagaya bishiya!" Har matan da suka dawo daga rijiya suka sauke tuluna suna dariya suna riƙe ciki. Na fito da muciya ina zaginsu, ina cewa rasuwa aka yi, 'yan banza marasa tarbiyya, amma wa ya ji ni? Waƙar ta tsaya. Madam ta fito bakin ƙofa da farin zanenta, ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta koma ta rufe tagogin duka.

Daga ranar ba a ƙara jin muryarta ba. Tagogin suka zauna a rufe, hayaƙi ya daina tashi daga kicin ɗinta. Malamin ya zo wurin aikin mijina ya tsaya yana ta murza hannu, ya ce ba ta ci, ba ta sha, ba ta magana, ta juya wa bango fuska. Ya kai ta asibiti, aka rubuta magani aka ce babu shi, a nema a Zariya. Da na leƙa, da ƙyar na gane ta. Awarwaron da ya rage a hannunta ya zame har gwiwar hannu, idanun sun faɗa. Na yi mata sannu, ko motsi ba ta yi ba.

Sai ga Inna ta zo daga Malikanchi ganinmu. Na ba ta labari tun daga farko. Ta ajiye ƙoƙon da take shan ruwa ta ce, "An yi wa maƙwabciya rasuwa, su wa suka je gaisuwa?" Na ce babu kowa. Ta ce, "Babu kowa? Amma an samu masu zuwa rawa? Kai, Allah wadai!" Ba ta ko huta ba ta aika aka kira matan zumunta. Kafin su gama taruwa magana ta kai kunnen wani dattijon majami'a, sai ga shi a kan keke yana haki. Mutumin nan da aka yi shewar yana gari bai ce komai ba, yau ne bakinsa ya buɗe.

Ya ce, "Inna, gidan nan cike yake da gumaka. Duk wadda ta shiga ta yi musu waƙa, horo ya hau kanta, bencin baya za ta zauna."

Inna ta ce, "Ɗan nan, ba wurin gunki za mu ba, wurin marainiya za mu. Bencin baya kuwa ai can ma ana jin wa'azi."

Da jin horo sai wasu suka fara tuna sun bar tukunya a wuta, wasu suka tuna yaro ba lafiya, suka zame ɗaya bayan ɗaya. Na ji haushinsu ƙwarai, don a cikinsu akwai waɗanda suka sha cin abin zaƙin Madam. Mu da muka rage ba mu da yawa, kuma bencin bayan mun zauna a kansa daga baya har damina ta wuce. Sai wata Bafulatana Musulma da ke kai wa Madam nono ta sauke ƙwaryarta ta ce da ita za a je. Inna ta dube mu ta ce, "Ku ji da kyau. Bakinmu ba zai kira sunan abin da ba mu sani ba. Amma Allah ya ba mu hannu, ya ba mu hanci, da su za mu amsa mata." Ta kuma sa na ɗauko sabuwar tukunya, don Madam ba ta cin nama, kuma ba ta taɓa ɗanɗana abin da ya fito daga tukunyarmu ba saboda tsoron ko an taɓa dafa shi a ciki. Na tuƙa tuwon masara, na kaɗa miyar kuka da daddawa da gishiri kawai.

Da la'asar muka tsallaka. Muka tuɓe takalma a bakin ƙofa, malamin ya buɗe mana yana mamaki. Ɗakin duhu, warin tsohon turare ya cika shi, hotunan nan kuma suna kallonmu daga bango, na zaɓi inda zan ba su baya. Inna ta sa aka buɗe tagogi. Muka zauna a ƙasa muka yi gaisuwa yadda ake yi, sannu da haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya ba da dangana, kowa ta faɗi nata. Madam tana kwance a tabarma ba ta juyo ba. Muka ci gaba da zama, don zaman makoki ba ya son gaggawa. Can Inna ta matsa, ta ɗauko 'yan faya-fayan tagullar nan daga inda aka yar da su, ta kama hannun Madam ta danƙa mata.

Ta ce, "Tashi, 'yata. Ga mu mun zo raka uwarki. Ba mu, mu karɓa."

Madam ta juyo ta dube mu, ta dubi taga, ina jin tana jiran ta ji fito. Bafulatanar ta tashi ta je ta tsaya a bakin ƙofa da sandarta, ta ce duk ɗan da ya matso yau zai san ita ta yi kiwon shanu. Muka tallafi Madam ta zauna. Da ta buɗe baki muryar a dishe take, da ƙyar ta fito. Ta kai ƙarshen layin ta dakata. Malamin ya amsa da kalmominsu, mu kuma muka bi shi da hanci, baki a rufe. Na farkon bai yi kyau ba ko kaɗan, wata ta yi sama wata ta yi ƙasa. Ta sake bayarwa, muka sake karɓa, ya ɗan daidaita. Na jawo tulun da na zo da shi na fara bugawa a hankali, tafi ya shigo, faya-fayan suka fara ƙara a hannunta. Abin ya fara hawa yadda na saba ji daga gindin turmi, sai dai yau ina cikinsa, ina jin muryar ta kusa da ni tana ratsa haƙarƙarina. A zuciyata Ubangijina nake kira, na san Bafulatanar ma nata take kira daga bakin ƙofa. Ana tsakiyar haka muryar Madam ta karye, ta kifa kai a cinyar Inna ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba tun zuwan labarin. Inna ta ɗaga mana hannu kada mu tsaya. Muka ci gaba da juya abin mu kaɗai, babu mai bayarwa, muna tafi muna gunji, har ta yi kukanta ya ishe ta, ta share fuska da bakin zane, ta sake kama waƙar daga inda muke. Da ta kai ƙarshe ta haɗa faya-fayan da ƙarfi, muka tsaya cak.

Na ajiye tulun. Sannan Inna ta jawo kwanon tuwo ta buɗe, ta ajiye na miya kusa da shi, ta tura mata ruwan wanke hannu. Madam ta daɗe tana kallon miyar.

Ta ce, "Babu nama?"

Inna ta ce, "Haba 'yata, nama a wannan gwamnatin?"

Sai ga dariya ta kuɓuce mata, hawaye na zuba. Ta wanke hannu, ta gutsuri tuwon, ta dangwala, ta kai baki. Ta haɗiye da ƙyar, ta sake gutsura. Malamin ya juya ya fuskanci bango yana ta goge tabaraunsa da bakin riga. Ba ta ɗago ba sai da miyar ta ƙare, sannan ta turo mini kwanon ta ce in ƙaro mata.